Yadda muke koya wa yaran zango tarihi a maƙabarta

Malam, ka tambaya me yaran zango, wato unguwar baƙi Musulmi a garuruwan Gana, za su karanta a maƙabarta, alhali kabarin Musulmi tulin ƙasa ne kawai. A nan Gana, a manyan maƙabartu irin ta Tafo da ke Kumasi, iyalai da yawa kan kafa ɗan allon ƙarfe mai suna da ranar rasuwa don kada kabari ya ɓace musu. Da waɗannan alluna muke aiki.

Sai an nemi izinin masu kula da wurin da yardar liman. Yara kada su wuce goma sha biyu, da safe, lokacin rani, domin da damina ciyawa kan rufe allunan. A ƙofa a koya musu sallama ga mamata, a ja musu kunne: ba taka kabari, ba zama a kansa. A tafi da dattijo cikin masu haƙar kabari, shi ya san ɓangaren da aka fara binnewa.

Kowane yaro ya kwafi allo biyar harafi da harafi, kada ya gyara komai. Darasin yana cikin sunayen. Wanda aka rubuta wa Kano ko Katsina, a tambayi dattawa ko kakansa fataucin goro ya kawo shi ta Gwanja, ko yana cikin waɗanda yaƙin basasar Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, na 1892 ya watsa zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi. A gefensa za a ga Bawangare da Bamoshe da Badagombe, yaro ya gane zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Rubutun ma labari ne: Seidu shi ne Sa'idu, Fuseini Husaini, Braimah kuwa Ibrahim. In sunan wani gida ya yanke daga 1969, a bincika, wataƙila dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ce ta mayar da su gida Najeriya ko Nijar.

Inda ake tafka kuskure shi ne shekaru. Wani allon da Hijira aka rubuta, yaro ya ga 1353 ya ɗauka sama da shekara ɗari shida ke nan. A ninka da 0.97 a ƙara 622, sai ta ba da 1934, shekarar da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, shahararren malami kuma marubucin waƙoƙi, ya rasu. Tsatsa kan cinye lamba, mai fenti ya zo sabuntawa ya mai da 3 ta koma 8. Shekarun haihuwa kuwa yawanci kintace ne, ba ma yarda da su sai iyalin mamacin sun tabbatar.

Tsofaffin kaburbura, na waɗanda suka kafa zangon, galibi ba su da allo. Can sai a rufe littafi a saurari dattijon, a kuma ɗauki muryarsa a waya in ya amince.