Tambaya da Amsa: Shiga Tseren Duwatlon Tare da Ƙwararru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata 34, gudu da hawan keke sha'awa ce kawai gare ni. Na yi rajistar gasar duwatlon a ƙasar waje, sai daga baya na ji ƙwararru ma za su fito. Kilomita 10 ina yin ta a minti 48. Anya ba kunya zan je in sha ba? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, hanya ɗaya za ku bi amma ba gasa ɗaya kuke yi ba. A tsarin World Triathlon, hukumar da ke kula da wannan wasa a duniya, ƙwararru rukuninsu daban, sauran jama'a kuma ana kasa su ne bisa shekaru, biyar-biyar. Kai kana cikin 'yan 30 zuwa 34, su ne abokan karawarka.

Duwatlon gudu ne, sai keke, sai kuma gudu. Wanda aka fi sabawa da shi kilomita 10 ne a ƙafa, 40 a keke, 5 a ƙafa. Gajeren kuma rabin haka. Akwai na masu taurin rai irin Powerman Zofingen da ake yi a Suwizalan tun 1989, mai kilomita 10, 150, da 30, amma wannan ba na ɗan fari ba ne.

Inda masu irin matsayinka suke faɗuwa shi ne kilomita ta farko. Ƙwararre yana cinye kilomita a wajen minti uku, kai kuwa kusan biyar. Da an busa usur, ga ihun 'yan kallo, ga mutane suna wuce ka kamar iska, sai ƙafa ta ɗauki saurin da ba nata ba. Ba za ka ji komai a lokacin ba. Bashi ne ka ci, kuma a gudun ƙarshe ake zuwa karɓa: cinya ta yi nauyi, sharaɓa ta ɗaure, ka koma tafiya kana dafe da ƙugu. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ka rage sauri, ka ƙara kamar daƙiƙa 15 a kan kowace kilomita, ka gama goman farko a minti 50 da rabi. Abin da ka bari a nan zai dawo maka da riba.

Sai wurin canji, inda ake rataye kekuna. Doka ce: ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keke, kuma kada ka kwance ta sai ka mayar da shi wurinsa. Ba a hawa a cikin filin, tura shi za ka yi har ka ƙetare layin hawa, ka kuma sauka kafin layin sauka. Za ka ga ƙwararru sun maƙala takalmansu a feda tun farko, suna tura keke ba takalmi, su yi tsalle su haye. Abin sha'awa ne, amma kada ka fara gwada shi ranar gasa. Igiyar takalmi ta roba, wadda ba a ɗaurewa, ta ishe ka. Ka kuma lura da wata alama kusa da kekenka, don cikin ɗaruruwan kekuna mutum kan rasa nasa.

A kan keke akwai batun laɓewa bayan wani don ya tare maka iska. Ƙwararru a gajerun tsere an yarje musu. A yawancin tseren 'yan rukunin shekaru kuwa laifi ne: sai ka bar tazarar mita 10 zuwa 12, gwargwadon dokar gasar, in za ka wuce mutum kuma kana da daƙiƙa 20 zuwa 25. In ka saɓa, alƙali a kan babur zai nuna maka kati, ka je ka tsaya na ɗan lokaci a matsayin tara. Don haka ka karanta takardar dokokin gasarku tun kana gida. In ƙwararru suka zagayo suka cim maka, riƙe gefenka, kada ka kauce ba zato.

A kan keke ake ci ake sha, don ciki ya fi kwanciya. Ruwa kamar rabin lita zuwa uku bisa huɗu a awa, da abu mai zaƙi gram 30 zuwa 60. Dabino ya wadatar, in dai ka saba da shi a atisaye. Kilomita biyu ta ƙarshe ka sassauta giyar keke, ka ƙara saurin juya feda, don ƙafa ta saki.

Atisayen da ba shi da madadi shi ne haɗa biyun: sau ɗaya a mako, ka yi awa guda a keke, kana sauka ka sa takalmi ka yi gudun minti 15. Karon farko ƙafarka za ta zama kamar ta aro. Bayan mako shida zuwa takwas za ta saba. Hawa da gangaren Jos ma gata ne gare ka.

Ka tafi da tiyub na ajiya da ƙaramin famfo, ka kuma koyi canza shi da hannunka, don in taya ta yi faci a hanya, doka ta hana 'yan kallo su taimaka maka.