Bashin da ke hana ni ajiye alƙalami

Ƙanwata, kin tambaya me ke sa marubuci ya ci gaba da ƙaga labari alhali ba kuɗi, ba godiya, ga ɓarayin rubutu. Na ga wasu sun ce baiwa ce, wasu sun ce faɗakarwa. Ban musa musu ba. Amma shekarata goma sha ɗaya ina wannan abu daga nan Garwa ta Kamaru, bari in ba ki nawa.

Fara cire kuɗi daga lissafi. Yawancin masu karatuna a Najeriya suke, da naira suke biya, kuma tun da naira ta faɗi a 2023, abin da littafi guda ke kawo mini in an juya shi sefa bai kai kuɗin ɗinkin atamfa uku ba. Keken ɗinki ke ci da ni.

Suna kuwa, yana zuwa ga mai rabo. Duk muna alfahari da 'yar Marwa, Djaïli Amadou Amal, marubuciyar da ta ci babbar kyautar adabi ta Goncourt wadda ɗaliban sakandare ke zaɓa a Faransa a 2020. Sai dai masu kawo misalinta suna mantawa littafinta na farko tun 2010 ya fito. Shekara goma ta yi tana rubutu kafin ta kai nan. Ni ma na shiga gasar Hikayata ta BBC sau biyu, ko ƙamshin jerin waɗanda aka zaɓa ban ji ba, da na saurari labaran da suka ci kuma na san alƙalan ba su cuce ni ba.

Mu a nan ba a koya mana rubutun Hausa a makaranta ba. Aji Faransanci, kasuwa Fillanci, Hausa sai cikin gida. Littattafan soyayya na Kano da 'yan kasuwa ke shigowa da su ta Mubi da Yola su ne malamaina. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, bango ya fita, shafin ƙarshe ya ɓace, mu zauna a kan tabarma kowa ta ƙaga nata ƙarshen. A nan na kamu. Da na fara sakin rubutu a WhatsApp, "tchi" nake rubutawa a wurin "ci", har wata 'yar Kano ta tambaye ni wane yare ne wannan. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Amma ga ainihin amsarki. Akwai shekarar da wata ta kwashe labarina tas, ta goge sunana ta sa nata tana sayarwa. Raina ya ɓaci, na rantse na bar rubutu. A lokacin ina tsakiyar wani labari, na bar amaryar labarin tsaye a ƙofar gidan ubanta da takardar saki a hannu, ba ta shiga ba, ba ta juya ba. Wata takwas tana nan tsaye.

Wata rana cikin zafin Afrilu, irin wanda ƙarfen keke ke ƙona hannu, sai ga wata tsohuwa a shagona, jikarta na riƙe da ita. Na ɗauka ɗinki ta kawo. Ta zauna a kan benci, ta sha ruwan randa, ta numfasa, sannan ta ce, "'Yar nan, ke ce kika bar yarinyar mutane a bakin ƙofa?" Ashe ba ta karatu, jikar ke karanta mata a waya kullum bayan isha'i. Na ce, "Goggo, ai labari ne." Ta ce ta sani, ai ba ta haukace ba, amma ita ma ta taɓa tsayawa a irin ƙofar nan tana da shekara goma sha shida, kuma tana so ta ji ko uban wannan zai fi nata. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta gyara mayafi suka tafi.

Daren nan an ɗauke wuta, cajin wayata saura kaɗan, na koma littafin awo na abokan ciniki, na juya bayansa na rubuta shafi tara da hasken tocila. Uban ya buɗe ƙofa. Ban shirya haka ba, da nufina ya kore ta.

To shi ya sa in an ce faɗakarwa nake jin nauyin amsawa. Wa na isa in faɗakar? Bashi ne kawai. Da kin saki shafin farko kin ci bashin wanda ya karanta, kin ci na mutanen da kika ƙaga, kuma su biyun ba sa yafewa. Ko barci kike sai sun tashe ki.

Tsohuwar ta rasu bara. Jikar ce yanzu ke turo mini saƙo in na kwana biyu shiru, kalma uku kacal: "Anti, muna jira." Yanzu haka akwai ɗaya a wayata tun la'asar, ga kuma ɗinkin biki na mutum shida ban yanka ba.