Me ya sa ɗaliban Amurka suka kai jami'o'insu kotu kan rigakafin korona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Amurka, ya ba ni labarin cewa lokacin korona wasu ɗalibai sun maka jami'arsu a kotu saboda an tilasta musu allurar rigakafi. Shin taurin kai ne kawai, ko suna da hujja? Kuma wa ya yi nasara? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A kotu dai jami'o'in ne suka fi yin nasara, amma ba duk hujjojin ɗaliban ne na zubarwa ba.

Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey ce ta fara sanar da dokar tilasta wa ɗalibai rigakafin korona a watan Maris na 2021, sannan ɗaruruwan jami'o'i suka bi sahu. Shari'ar da ta fi fice ita ce ta Jami'ar Indiana, inda ɗalibai takwas suka shigar da ƙara suna cewa an tauye musu 'yancin da suke da shi a kan jikinsu. Kotun tarayya ta ƙi dakatar da dokar a watan Yuli. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi, kuma a watan Agusta mai shari'a Amy Coney Barrett ta Kotun Ƙoli ta yi watsi da buƙatarsu.

Alƙalan sun dogara ne da wani tsohon hukunci na 1905, shari'ar wani mutum mai suna Jacobson, wanda ya ƙi yarda a yi masa rigakafin agana a jihar Massachusetts aka ci shi tarar dala biyar, Kotun Ƙoli kuma ta ce hukuma ta yi daidai. Suka ƙara da cewa tuntuni jami'o'i ke neman shaidar rigakafin ƙyanda da makamantanta kafin a yi wa ɗalibi rajista, sannan Indiana ta bar ƙofa ga mai uzurin addini ko na rashin lafiya, da sharaɗin ya sa takunkumi ya riƙa yin gwaji.

To mene ne hujjojin masu adawa? Na farko, a lokacin da aka kafa dokar izinin gaggawa kawai allurar take da shi. Wannan hujja ta raunana ranar 23 ga Agusta 2021, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba allurar kamfanin Pfizer cikakken izini. Sai batun waɗanda suka riga suka kamu da cutar suka warke, masu cewa jikinsu ya sami garkuwa. A kan haka ne Dakta Aaron Kheriaty, malamin likitanci a Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine, ya kai ƙara, kuma a watan Disamba na shekarar ya rasa aikinsa.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta shekaru. Korona tsofaffi da masu ciwo a jiki ta fi kashewa, ɗan shekara ashirin mai lafiya haɗarinsa kaɗan ne. Kuma tun watan Yunin 2021 hukumomin lafiya na Amurka suka tabbatar cewa alluran Pfizer da Moderna kan jawo kumburin tsokar zuciya ga wasu 'yan ƙalilan, musamman samari bayan allura ta biyu, kodayake akasarinsu suna warkewa. Amsar jami'o'i ita ce ba don ɗalibin kaɗai ake yi ba. Akwai malamai masu shekaru, da masu shara, da masu dafa abinci, ga kuma cunkoson ɗakunan kwana. A 2021 wannan amsa ce mai ƙarfi, ni ma ina tare da ita, domin a lokacin allurar tana rage yaɗuwar cutar sosai.

Zuwan nau'in korona mai suna Omicron a ƙarshen 2021 ya sauya lissafi. Allurar ta ci gaba da kare mutum daga ciwo mai tsanani, amma kariyarta daga kamuwa ta ragu ƙwarai, tana kuma gushewa cikin 'yan watanni. Idan dalilin tilastawa shi ne kare na kusa da kai, kuma dalilin ya raunana, adalci shi ne a sake duba dokar. Maimakon haka wasu jami'o'in suka ƙara da sharaɗin allura ta uku. A ganina nan suka yi kuskure, suka kuma ba masu yaɗa ƙarya kan rigakafi gaba ɗaya abin kamawa, abin da yake damuna matuƙa. Jami'ar Western da ke Kanada ta kafa irin wannan sharaɗi a watan Agustan 2022, ɗalibai suka yi zanga-zanga, ta janye shi a watan Nuwamba.

Akwai kuma inda masu adawa suka ci nasara. A 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsangayar likitanci ta Jami'ar Colorado ta saɓa wa tsarin mulki, domin ta riƙa karɓar uzurin wasu addinai tana ƙin na wasu.

Yanzu kusan duk jami'o'in sun janye dokar, musamman bayan gwamnatin Amurka ta kawo ƙarshen matakin gaggawa a watan Mayun 2023. A Fabrairun 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin hana kuɗin tarayya ga makarantun da ke tilasta allurar korona. Sai dai Hajiya ki tuna wa ɗanki cewa rigakafin ƙyanda da na sanƙarau har yanzu sharaɗi ne a jami'o'i da yawa, kuma ɗaliban likitanci da na jinya sukan tarar da nasu sharuɗɗan a asibitocin da suke koyon aiki.