Amsar tambayar Kawu kan ruwan sha a zangonmu

Kawu, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce da ka sauka gidanmu a unguwar Nima ta birnin Accra ka ga famfo a tsakar gida, amma fiya wata aka kawo maka, ga kuma jarkoki ruwan ɗorawa jibge a kowane lungu. Ka tambaya ko ƙyanƙyami ne irin na mutanen birni. Wallahi ba shi ba ne.

Yawancin ruwan Accra daga wuri biyu yake zuwa, madatsar Weija a kan kogin Densu da kuma Kpong a kan Volta. Bai wadaci garin ba, don haka rabonsa ake yi unguwa-unguwa. Ranar da ya zo mana, ko cikin dare ne, mata da yara sai sun tashi sun cika duk wani mazubi. Jarkokin nan galan ɗin Kufuor ake ce musu, saboda a zamanin mulkin shugaban Ghana John Kufuor, 2001 zuwa 2009, suka cika gari.

Ga inda matsalar take. Bututun da ya kwana biyu babu ruwa a ciki, idan ya tsage a inda ya ratsa kwata, ƙazanta yake zuƙa. Shi ya sa ruwan farko muke tara shi daban don wanke banɗaki. Kwalarar 2014 ta ɗauki rayuka a garin nan, tun daga lokacin mahaifiyata ba ta yarda jikokinta su kai ruwan jarka baki sai an tafasa. Ruwanmu kashi biyu ne, na aiki da na sha. Na shan, mai hali ya sayi leda mai ƙulli 30, ya duba lambar hukumar abinci da magunguna a jiki. Baƙo kuwa shi ake fara miƙa wa, girmamawa ce.

Duba-gari da kuke da su a Kano, nan tankas muke ce musu, ma'aikatan majalisar gunduma ne. Suna leƙa randa da duro, in an bar su a buɗe su rubuta sammaci. Wasu na ƙorafi, ni kam ina goyon bayansu. Abin da nake so majalisa ta ƙara shi ne ta matsa a ɗaga bututan nan daga cikin kwata, kuma mun faɗa wa wakilin unguwarmu haka a gaban limamai bayan sallar Juma'a.

A gaida Inna da yara.