Littattafan Bluebonnet 20: ba sai kin saya ba, kuma ba jarrabawa ba ce

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da zuwa Texas, Allah Ya sa kin shigo a sa'a. Kin ce yarinyarki 'yar aji uku ta dawo da takarda mai jerin littattafai 20 an rubuta Bluebonnet a samanta, kina tambaya ko dole ne ki saye su duka, ko kuma jarrabawa za a yi musu a kai. Kwantar da hankalinki, babu ko ɗaya. Yarana biyu sun yi wannan a nan Houston, ni ma na yi shekara biyu ina zuwa taya mai kula da laburaren makarantarsu jera littattafai duk ranar Alhamis.

Bluebonnet ɗin nan kyautar yabo ce ta littattafan yara da ƙungiyar laburarorin Texas ta kafa a 1979, aka sa mata sunan shuɗin furen nan da za ki ga ya rufe gefen manyan tituna in Allah Ya kai mu Maris da Afrilu. Manya ne ke tace littattafai su fitar da 20, amma ba su ke fitar da gwani ba. Yara 'yan aji uku zuwa shida ne ke jefa ƙuri'a a watan Janairu, a haɗa ta duk jihar, marubucin da littafinsa ya fi yawan ƙuri'a shi ke karɓar kyautar. Sharaɗin ɗaya ne: yaro ya karanta biyar daga cikin 20 ɗin, ko a karanta masa yana saurare. Biyar fa na ce.

Na nanata ne don a nan na yi kuskure da babban ɗana. Kin san mu, da an ce "jerin littattafai" sai hankalinmu ya koma kan jarrabawar WAEC. Na manna takardar a jikin firij, na yanka masa littafi ɗaya duk mako, ranar Asabar in zaunar da shi ina yi masa tambayoyi kamar mai karɓar hadda. Ya kai goma sha uku da ƙyar, yana yi yana kumbura fuska. Ranar zaɓe na tambaye shi wanne ya zaɓa, ya ce min wanda ya fi gajarta. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Ya fi wata biyu bai sake ɗaukar littafi don kansa ba.

Da aka zo kan ƙanwarsa sai na cire hannuna. Ta fara ɗauko wani mai zane-zane, irin wanda maganar mutane ke fitowa a cikin da'ira, har na buɗe baki zan ce wannan ai ba karatu ba ne, mai laburaren ta girgiza min kai. Sau uku yarinyar nan ta karanta shi. Daga nan ƙawarta ta ce mata wani ya fi shi daɗi, musu ya kaure, sai ga ta ta aro wancan ɗin don kawai ta ƙaryata ta. Haka ta kai tara ban ce mata uffan ba. Ni a ganina musun nan tsakaninsu shi ne ƙashin bayan shirin, don yaro ya fi jin maganar ɗan'uwansa yaro a kan littafi fiye da ta uwarsa.

A makarantarsu ranar zaɓe ana jera kwalaye a kan tebur, kowane yaro ya shiga bayan nasa ya zaɓa a ɓoye, in ya fito a manna masa 'yar sitika a ƙirji. Na ga wani ɗan mitsitsin yaro ya kare takardarsa da gwiwar hannu don kada malamarsa ta leƙa. Wanda tawa ta zaɓa bai ci ba, ta yi kwana biyu tana cewa an yi maguɗi. Na ce to, jinin gida bai ɓata ba.

Batun kuɗi kuwa, ko sisi kada ki kashe. Laburaren makaranta yana da su, sai dai layi yakan yi tsawo daga Nuwamba. Ki je laburaren gwamnati na unguwarku ki buɗe kati, kyauta ne, ki sa manhajar Libby ta aron littattafai a waya, wasu za ki same su da murya ku saurara a mota. Jerin yana fitowa tun kafin a shiga shekarar karatu, don haka baɗi za ku iya farawa a dogon hutu.

Abu ɗaya da ban sake ba: ina duba kowane littafi kafin ta nutsa a ciki. Don dukan yaran Texas aka zaɓo su, ba don gidanmu ba, in wani bai kwanta miki ba ki ajiye shi, saura 19. Kuma a hanyar Islamiyya nakan ce ta ba ni labarin da Hausa, tana yi tana cakuɗawa da Turanci muna dariya, nan ma ta tsinci kalmomi da yawa.

Ki tambayi mai laburaren ranar da makarantarku ta sa don zaɓen, kowace da tata ranar. A gaishe min da 'yar tawa.