Ga yaron da ke tambaya ko ya ɓata shekarunsa

Kai yaro, wai ka yi ɗinki, ka koma gyaran waya, yanzu ga ka a kafinta, kana tambayata ko ka ɓata lokacinka ne. Toh ni da kake gani na yi karen mota, na yi tela shekara 6, na taɓa walda kafin in riƙe zarto, kuma sai a nan hankalina ya kwanta, in na shafa ƙofa bayan randa, wato abin da muke feƙe katako da shi ya yi sumul, ta bi ta nakan ji daɗin da ban taɓa ji a kan keken ɗinki ba.

Amma tambayar taka ta tono min wani ciwo. Farkon buɗe shagona wani ɗan kwangila ya zo da aikin ƙofofi 14, shi ya kawo katakon da kansa, madaci ne mai kyau amma ɗanye, ina ɗagawa na ji nauyin ruwa. Na ce masa Alhaji wannan bai bushe ba, katako mai kaurin inci ɗaya yakan kai kusan shekara yana shan iska. Ya ce shi sati uku yake so, in wani abu ya faru shi ya ɗauka. A baki, ba takarda ba shaida. Tun ina tela na san yadi yana tsukewa in ya sha wanki, ana barin ƙari, katako ma haka yake tsukewa ta faɗinsa, na sani sarai amma zumuɗin babban aikin farko ya rufe min ido. Wata biyu ƙofofin suka karkace, gam ya saki, wasu ko rufuwa ba sa yi. Mutumin nan wallahi ya rantse bai taɓa faɗar haka ba, ya hana ni cikon kuɗina, sai da na sai da keken ɗinkina na biya yaran da suka taya ni. Har yau in na tuna keken nan raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu matsalarku ba canza sana'a ba ce, wata uku ku ce kun iya, ido na kan waya. Idon awon da ka samu a ɗinki da haƙurin ƙananan sukurori na gyaran waya duk za su yi maka aiki a nan in ka zauna. Yadda ake wasa bakin randa ya yi kaifi kuwa kar ma ka tambaye ni. Gobe ka zo da wuri, akwai katakon da za mu jera ya sha iska.