Hajiya riƙe kuɗinki, Malam kai kuma sayi hadis na kwamfuta

Tambaya: Salam Malam, ina da shagon atamfa a kasuwar Sheikh Gumi, satin da ya wuce aka ƙwace min WhatsApp ana ta tura wa kwastomomina saƙo ana neman rance da sunana. Mai gyaran waya ya ce in kawo dubu 12 ya sa min antibairos, wato manhajar kare waya daga bairos, in biya?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, amma ki riƙe kuɗinki don ba bairos ne ya shiga wayarki ba. Ina kyautata zaton wani ne ya kira ki cikin ladabi, ya ce daga grup ɗin 'yan kasuwa ko na Islamiyya yake, wai za a yi mitin, ki karanto masa lambobi 6 da suka shigo miki ta tes, to waɗannan lambobin su ne makullin, da bakinki kika miƙa, kuma babu antibairos ɗin da ke kama bakin mutum. Ki sake shiga WhatsApp da lambarki, sabon kod na zuwa kika sa shi an fitar da ɓarawon, sai dai in ya riga ya sa nasa fin, wato lambar sirri, nan kam za ki jira kwana 7 kafin ki iya shiga. Kina dawowa ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu a saitin, kyauta ne. Ki sa wa layinki fin shi ma, don masu ƙwacen waya sim ɗin suke nema su shiga akawun ɗin banki. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake yana tambayar OTP, wato kod ɗin da banki ke turowa ta tes, ko fin ɗin ATM, kashe wayar kawai.

Tambaya: Ina da makaranta a Tudun Wada, kwamfutoci 5 duk Windows 7, sakamakon ɗalibai na ciki. Kuɗin abu ɗaya gare ni, antibairos ko hadis na waje, wato na'urar adana fayil da ake jonawa a kwamfuta?

Amsa: Hadis, Malam. Akwai bairos mai kulle fayil ya ce sai an biya fansa, kamar dai masu garkuwa, irinsa ne WannaCry da ya tsayar da wasu asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, alhali tun Maris Microsoft ta fitar da maganin, mutane ne ba su sabunta ba. Kai naka ma ya fi, don tun Janairun 2020 aka daina yi wa Windows 7 gyara, ka fara tarin kuɗin canji, sabuwar Windows da nata antibairos ɗin, Defender, take zuwa, ba sai an saye shi daban ba.

Kafin nan duk Juma'a a kwafe fayilolin a hadis, a cire shi ka tafi da shi gida, in ka bar shi a jone tare za a kulle su. Kuma ka hana malamai soka filashin da ya je kafe, wato shagon intanet.